Yajin Hajiya Sa'adiyya

Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in. Iyakar tsawon maganar da Hajiya Bahijja ta yi ke nan a waya, kuma da ita ta rushe sunan da tsohuwa 'Yardada ta shekara hamsin tana ginawa a Mandawari.

In kai ɗan cikin gari ne ba sai an gaya maka wace ce 'Yardada ba. Yaji take dakawa. Ba barkono da gishirin nan da ake kirɓawa a ƙulla a leda ba, a'a, yaji na gaske, mai citta da kimba da masoro da kanumfari da ƙuli-ƙulin da aka soya a gida, wanda in ka barbaɗa a kan ɗanwake sai ka manta wanda ya yi maka laifi. Mai jego kuwa, daga Mandawari har Gwammaja, in ba a kai mata yajin 'Yardada ba gani take ba a yi murna da haihuwarta ba. Da ƙarfi ya ƙare wa tsohuwa, ido kuma ya yi yana, sai taɓarya ta koma hannun 'yarta Zinariya. Amma har gobe tsohuwa ce ke awo da tafin hannu, ita ke sauraron ƙarar turmi ta ce ya isa, ita ke lasa ta ce a ƙara kimba.

Ita Hajiya Bahijja a lungun ta tashi, aure ne ya kai ta Gwammaja. Haihuwa shida ta yi, duk shidan da yajin 'Yardada ta yi jego. Ta sha faɗa a gaban mutane cewa ko Makka za ta sai ta ƙulle shi a jaka. To, ranar nan tana kwance ta ga wani bidiyo, wani mutum da ba ta san shi ba, a garin da ba ta taɓa zuwa ba, yana cewa masu yaji suna haɗawa da garin jan bulo, wai in kana son ganewa ka zuba a kofin ruwa. Ta tashi ta zuba. Wani abu ja ya kwanta a ƙasan kofi. Ƙuli-ƙuli ne fa, jama'a, ƙulin da tattasai ya rina, wanda ko 'yar talla ta san ba ya narkewa. Amma kafin ruwan ya daina juyawa har ta danna waya, ta aika saƙon murya a guruf ɗin matan Islamiyya, mata ɗari biyu da wani abu.

"Salamu alaikum 'yan uwa, wallahi yau na ga tashin hankali. Yajin 'Yardadan nan da muke ci, ashe jan bulo muke ɗura wa cikinmu. Na gwada, na gani da idona. Shi ya sa olsa ta ƙi barin mu. Don Allah a tura wa wasu, a ceci al'umma."

Tani ce ta kawo wa su 'Yardada saƙon. Maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya, wadda shekara ashirin ba ta taɓa sayen yaji ta tafi ba a yi mata gyara ba. Ta shigo da waya a hannu tana "don Allah Iya kar ranki ya ɓaci", ta kunna har sau biyu, wai ko ba a ji da kyau ba. Da za ta fita kuma sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ita ma dai kwanan nan tana jin wani nauyi-nauyi a cikinta.

Kwana uku aka yi ana dawo musu da yaji. Wata ta aiko da ƙulli biyu da aka riga aka ci rabi. Wata ba ta ma tsaya aike ba, ta tako har ƙofar gida ta zazzage nata a kwata, ta tsaya tana kallo ruwa yana tafiya da shi. A rana ta huɗu kowa ya koma kan wani yajin kanti mai hoton kaza a jiki, wanda in ka buɗe ba abin da ke ciki sai gishiri da kala. Matan da jiya-jiya suke rantsuwa ba sa cin na kanti, su ne suka yi masa caa har ya yanke a unguwa.

Zinariya ta yafa mayafi ta hau ɗan sahu har Gwammaja. Ta tafi da ƙuli-ƙuli zalla a leda, don ta zuba a ruwa a gaban Hajiya ta ga yadda yake kwanciya. Ta same ta a falo tana gwada wasu takalma da dillaliya ta kawo.

"Au, wannan maganar?" in ji Hajiya Bahijja, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Haba Zinariya, ai ya wuce. Ni fa faɗakarwa na yi, ba da sharri ba."

"To Hajiya ki sake faɗakarwa. Ki ce kuskure ne. Ga ƙuli na zo da shi, a kawo ruwa ki gani."

"In sake magana a ce ba ni da magana ɗaya? Ki bari kawai, mutane ai mantuwa gare su. Ke, duba min, wannan da wannan wanne ya fi?"

Zinariya ta dubi takalman. Ta ce na hagun. Ta yi sallama ta fito, ledar ƙulin tana hannunta, ta matse ta har ƙulin ya koma gari.

Mutane kuwa ba su manta ba. Bayan wata guda aka yi suna a bayan layinsu, tsohuwa ta ce a raka ta. Da aka zo rabon yajin jego, sai wata amaryar jiya, wadda ba ta ma san fuskar 'Yardada ba, ta ɗaga ƙullinta sama ta ce, "Ba dai na tsohuwar nan mai jan bulo ba ne ko?" Aka yi dariya. Waɗanda suka san tana wurin suka sunkuyar da kai. Tsohuwa ta lalubi sandarta ta ce wa Zinariya su tafi.

Tun daga ranar ta daina zama a soro. Da ma can nan take wuni a kan tabarma, tana gane masu wucewa da muryarsu, tana tsokanar wannan tana tambayar wancan jikin uwarsa. Yanzu ɗaki take shiga ta juya wa bango fuska. Wata rana da hantsi Zinariya ta kai mata kunu, ba ta juyo ba ta ce, "Zinariya, shekarata tamanin ba biyu. Ba tafiyar nake tsoro ba. Amma a ce in an tashi tuna ni, 'mai jan bulo' za a ce."

Zinariya ba ta yi kuka ba. Ita ba mai kuka ba ce, mai riƙo ce, ni kuwa ban ga laifinta ba. Ta ajiye kunun ta fito tsakar gida, ta dubi turmin da ya kwana arba'in a kife, ta ƙudura a ranta: bakin da ya ɓata sunan nan shi zai gyara shi, a guruf ɗin da ya ɓata shi, tun tsohuwa tana da kunnen ji. Kuma ba roƙo za ta sake yi ba.

Ƙanenta Hashim yana da rumfar kayan yaji a Kasuwar Kurmi, wajensa suke sarin citta da kimba. Ya saurare ta har ta gama, yana tsince kanumfari a faifai.

"Yaya, matsalarki kin ɗauka mutane yaji suke saye," ya ce. "Labari suke saye. Shekarata ashirin a rumfar nan. Kanumfarin nan in yana faifai a ce ya yi tsada. In na ɗura shi a kwalba, wanda ya ce ya yi tsadan shi zai ce in ajiye masa biyu."

"Ni ba zan yi ƙarya ba, Hashim."

"Ba sai kin yi ba. Ki ba su kwalba da suna, ki ja bakinki ki yi shiru. Su za su yi wa kansu ƙaryar."

Suna. Tun a rumfar sunan ya faɗo mata.

Ka san 'Yardada ba sunan yanka ba ne. Da aka haife ta, ubanta ya mayar mata da sunan mahaifiyarsa, wadda duk gidan ke kira Dada. To wa zai buɗe baki ya kama sunan Dada a gidan ɗanta? Uwar jaririya surukarta ce, uban kuma uwarsa ce. Sai aka sakaya, aka ce 'Yardada, sunan ya bi ta har tsufa. Waɗanda suka ji liman ya raɗa sunan gaskiya duk sun riga mu gidan gaskiya. A duk Mandawari, in ka cire Zinariya da Hashim, babu mai rai da ya san ana ce mata Sa'adiyya.

Ko a wajen mai buga sitika Zinariya kasa faɗa ta yi. Ya ce wane suna za a sa, ta buɗe baki harshe ya ƙi ɗauka, sunan uwa ba abin wasa ba ne. Sai ta karɓi biro ta rubuta masa a bayan rasit. Ya buga da ruwan gwal a kan baƙi: Yajin Sa'adiyya. Ba adireshi, ba hoto, sai lambar sabon layin da ta saya a hanya.

Ta ɗaga turmi. Awon nan dai na da, citta ɗin nan, ƙulin nan, ko ƙwayar masoro ba ta sauya ba. Ta ce wa tsohuwa wasu baƙi ne daga nesa suka ce a daka musu, tsohuwa ta fito da ƙyar ta yi awo ta koma. Kwalbar farko kuwa Gwammaja ta tafi a hannun mai kai saƙo, an ɗaure ta da zare mai sheƙi, da ɗan kati a jiki: "Kyauta ga manyan mata masu sanin abinci."

Kai, ɗan Adam. Ko la'asar ba a yi ba Hajiya Bahijja ta ɗora hoton kwalba a sitatus. Kashegari ta yi wa guruf saƙon murya. Zinariya, da har yanzu tana cikin guruf ɗin da tsohon layinta ba wanda ya tuna da ita, ta saurara tana tsaye a bakin murhu.

"Mata, wallahi wadda ba ta ci yajin Hajiya Sa'adiyya ba ba ta san yaji ba. Wannan shi ne tsafta, ba irin na lungu ba. Daga buɗe kwalba kin san ba hannun mutanenmu ba ne. Ni dai tun da na ci, olsata ta kwanta."

Zinariya ta adana saƙon kusa da ɗan uwansa na farko.

Daga nan sai waya ta hau ruri. Ba ta ɗaga kira, don an san muryarta, sai dai rubutu, shi ma gajere. Ta sa kuɗin kwalba ninki biyar na abin da ke cikinta in a leda ne, ba wadda ta taya. Matan da a da sai sun yi mitar tsada sun nemi gyara, yanzu godiya suke yi in an karɓi kuɗinsu. Hashim ya ce kar ta yarda a same shi kullum, mutanenmu ba sa son abin da yake akwai. Saboda haka duk sati kwalba talatin take cikawa, in sun tafi ta rubuta "Ya ƙare," ta kife waya. Nan fa hankali ya tashi. Aka fara saye ana ɓoyewa. Wata ta sayi shida alhali likita ya hana ta cin yaji. Yajin kanti mai hoton kaza kuwa, wanda aka yi wa layi wata biyu da suka wuce, ya koma yana shan ƙura a kan kanta.

Labari kuma, kamar yadda Hashim ya faɗa, da kansu suka tsara shi. Ita dai Sa'adiyya kawai ta rubuta, su suka ƙara Hajiya. Wata ta ce 'yar Sudan ce da ke aure a Nasarawa. Wata ta ce a'a, daga Agadas take, yayarta ma ta taɓa ganin ta a filin jirgi, fara doguwa mai haƙorin Makka. Hajiya Bahijja ta kashe gardamar da cewa ai ita suna gaisawa.

Tani kuwa kullum turmi ya fara sai ta hau atishawa ta bayan katanga. Ranar nan ta leƙo tana toshe hanci da gefen zane.

"Zinariya har yanzu ana fama? Wa ke saye ne wai?"

"Na ci ne."

"Allah sarki. Ki nemi na Hajiya Sa'adiyya ki ɗanɗana, ko kya koyi wani abu. Ni da ƙyar na samu kwalba ɗaya."

"In sha Allahu," in ji Zinariya, ta ci gaba da daka.

Tsohuwa ba a yi mata ɓoyo ya daɗe. Wata safiya tana laluben butarta hannunta ya faɗa kan kwali, ta zaro kwalba. Ta buɗe ta shinshina, ta lasa. Ta shafa jikin kwalbar ta ji takarda.

"Wannan ai namu ne. Me aka rubuta a nan?"

Zinariya ta hau gyara kwalaben da ke cikin kwalin.

"Ba ki ji ba ne?"

"Inna, sunan Dada ne."

Tsohuwa ta daɗe tana shafa sitikar da babban yatsa. Zinariya ta zata faɗa za a yi mata, ta durƙusa ta kwashe komai ta gaya mata, har saƙon olsa ta kunna mata. Sai ta ga kafaɗun tsohuwa suna rawa. Dariya take yi, irin wadda ba ta da sauti, har hawaye ya bi tamojin fuskarta.

"Ja'ira," ta ce. "Ashe kin gaje ni. To sai yaushe?"

"Sai ta kawo kanta."

Ba a daɗe ba kuwa ta kawo kanta. Yusra, babbar 'yar Hajiya Bahijja, ta haihu, haihuwar fari, kuma gidan masu kuɗi take aure. Tun ranar da aka yanke cibi Hajiya ta shelanta wa guruf da dangin miji cewa a sunan jikanta ba za a raba ƙullin leda ba, kowace mace kwalbar Hajiya Sa'adiyya za ta tafi da ita. Sai da ta gama shelar sannan ta tuna ba ta tambayi mai yaji ba. Ta rubuto tana neman kwalba ɗari. Zinariya ta bar ta ta kwana biyu ba amsa. Ta sake rubutowa, ta haɗa da Allah da Annabi. A rana ta biyar, suna saura kwana biyu, Zinariya ta amsa: "Oda mai yawa sai an ga mai yajin ido da ido. Ku zo Mandawari bayan la'asar."

Ta share tsakar gida ta yayyafa ruwa. Ta shimfiɗa wa tsohuwa tabarma kusa da turmi, ta jera kwalabe a tire, ta ajiye babbar tasar yaji a gefe, tasar nan ta da mai sunan 'Yardada da jan fenti a jiki. Sannan ta koma soro ta tsaya a bayan ƙyaure, tana leƙe ta tsaga, waya a hannu.

Mota ba ta shiga lungun, dole suka ajiye ta a bakin titi. Ga Hajiya Bahijja nan cikin leshi ruwan hoda, da ƙawayenta biyu manyan guruf, ɗaya ta rungumo atamfa da turare na gaisuwa. Zinariya ta riƙa aika musu kwatance kaɗan-kaɗan. Ku shiga lungun mai injin markaɗe. Ku wuce famfo. Tani ta gan su ta fito da gudu ba ko takalmi, da ta ji wurin wa za su sai ta bi bayansu tana mamakin yadda babbar mace irin wannan take kusa da ita ba ta sani ba. Gida na uku a dama, mai koren ƙyaure.

A nan Zinariya ta ga tafiyar Hajiya ta sauya. Ta dubi waya, ta dubi ƙyaure, ta sake duban waya. Ta rubuto, "Hajiya anya ba kuskure?"

Zinariya ta buɗe ƙofa da wayar a hannunta.

"Babu kuskure. Sannunku da zuwa. Tana ciki."

Da Hajiya ita kaɗai ce da ta juya. Amma ga ƙawaye a baya, ga Tani, ga matan lungu sun fara leƙowa. Ta shiga kamar mai taka ƙaya. Suka durƙusa suka gaida tsohuwa, idonsu yana kan kwalaben da ke tire.

"Muryar Bahijja nake ji ko?"

"Ni ce, Iya."

"Wa kike nema?"

Hajiya ta waiga ta dubi ƙawayenta.

"Wa kike nema, na ce."

"Hajiya Sa'adiyya," in ji ta, da ƙyar aka ji.

"To ga ta. Sunan da ubana ya yanka min rago da shi ke nan. Hajiyar ce dai ban da ita, ku kuka kai ni Makka."

Zinariya ta ɗaga wayarta. Ta kunna saƙon farko, muryar Hajiya ta cika tsakar gida da jan bulo da ceton al'umma. Ta kunna na biyu, na tsafta da olsa. Sannan ta ɗebo ruwa a kofin gilashi, ta ɓalle sabuwar kwalba a gabansu, ta zuba cokali guda ta juya. Suka zuba ido har jan abu ya sauka ya kwanta. Ta miƙa wa Hajiya kofin da hannu biyu.

"Ga shi nan, Hajiya. Shi ya sa miki olsa, shi ya warkar da ke."

Abin da ya biyo baya shi ya fi ƙona wa Zinariya rai, fiye da zagin ma. Mai rungume da atamfa ta matsa gefe, ta ce wallahi ita da ma tun farko maganar jan bulon nan ba ta kwanta mata ba. Ɗayar ta ce ita tun lasar farko ta ce wannan hannun Iya ne, kunya ce ta hana ta faɗa. Tani kuwa har da dafa ƙirji, wai ita ai shaida ce, katanga ɗaya, ba ta taɓa ganin bulo ya shigo gidan nan ba. Ko minti biyar ba a yi ba sun bar ƙawarsu ita kaɗai a tsakiyar tabarma. Zinariya ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ji da za a ba ta dama da taɓarya za ta raka su.

"Iya ki yafe ni," in ji Hajiya Bahijja.

"Yafiya zan duba," in ji tsohuwa. "Amma ba a tsakar gidan nan kika zage ni ba."

"Guruf yana nan inda kika bar shi," Zinariya ta ce.

Hajiya ta dubi ƙofa. Suna jibi, dangin miji suna jiran kwalba, waɗannan biyun kuma ko ta yi ko ba ta yi ba kafin magariba labari ya gama gari. Ta zaro waya, ta danna. "'Yan uwa, an samu ɗan rashin fahimta kwanakin baya game da wani yaji..."

"Goge," in ji Zinariya. "Wancan karon ba 'wani yaji' kika ce ba. Suna kika kama."

Ta goge. Ta sake, ta ce sharrin shaiɗan ne. Zinariya ta ce shaiɗan ba ya cikin guruf, ta goge. A na uku ta faɗa yadda yake: ita Bahijja ta yi wa 'Yardada ta Mandawari ƙazafi, babu jan bulo a yajinta, ƙuli-ƙuli ne, kuma yajin Sa'adiyya da suke rububi shi ne dai wanda suka zubar, turmi ɗaya, hannu ɗaya. A tura wa wasu. Zinariya ta jira sai da ta ga saƙon ya shigo tsohon layinta, ta kai wayar kunnen tsohuwa ta kunna mata. Tsohuwa ta ce a sake. Aka sake.

Hajiya ta share fuska da gefen mayafi. Ta ɗauka an gama. Ta gyara murya ta ce to Iya, maganar kwalba ɗarin nan, ta faɗi abin da za ta bayar.

"Albarka," in ji tsohuwa.

Ta ƙara.

"Albarka."

Ta ninka. Ta ce Iya ki dubi Allah, ta riga ta yi wa surukai alkawari.

"Albarka, Bahijja. Kwalba ko ɗaya ba za ta bi ki ba." Tsohuwa ta juya inda take jin numfashin 'yarta. "Amma Yusra ba ta yi min komai ba. Ranar sunanta ni na daka yajin da aka raba. Zinariya, cika mata tasar nan, ki danna."

Zinariya ta cika ta danna, ta rufe da faifai. Hajiya ta fara buɗe jaka.

"Rufe jakarki. Jan bulo ba a sayar da shi, kwasa ake yi. Ki ƙulla a leda, yadda aka ƙulla a sunanki. Duk wadda kika miƙa wa ki gaya mata na waye. Ki dawo min da tasata da ƙafarki, ban yarda da aike ba. Atamfar ma ku ɗora mata a kai, ina da zane."

Haka Hajiya Bahijja ta fita, rungume da tasa mai jan fenti a kan leshi ruwan hoda, sunan yana waje kowa yana karantawa. Ƙawayen ba wadda ta taya ta. Tun daga famfo atishawa ta kama ta, ga hannu biyu a ɗaure, ba halin toshe hanci. Zinariya ta tsaya a ƙofar soro tana kallo har ta ɓace a kwanar mai injin markaɗe, kuma ba zan ɓoye maka ba, daɗi ta ji har cikin ƙashinta.

Kafin ta dawo ciki wayoyin biyu sun ɗauki ruri. Guruf ya dagule. Allah ya ƙara wa Iya 'Yardada lafiya. Gaskiya dokin ƙarfe. Da ma na gida ya fi. Wata har ta ce a daina cin duk wani abu na kwalba, a koma leda.

"Me suke cewa?" in ji tsohuwa.

"Yabo, Inna. Da oda."

"Ɗauko min tabarmar nan ki kai soro. Na kwana biyu ban ji masu wucewa ba."

Zinariya ta naɗe tabarma ta saƙale a hammata, ta kama hannun tsohuwa. A bakin soro wani saƙo ya sake shigowa, ta duba ta tsaya.

"Inna, matar nan ce da ta zazzage nata a kwata. Wai a ajiye mata biyar, ko nawa ne."

Tsohuwa ta zauna, ta miƙe ƙafa, ta jingina sandarta da bango inda ta saba.

"Ce mata albarka."

Zinariya ta rubuta a hankali, harafi bayan harafi, ta aika.